Fansho Ɗaya, Ƙofofi Barkatai: Yadda Rigimar Hurumin Kotu Ke Cinye Kwanakin Tsofaffin Ma'aikata a Paraku da Jugu

Duk wanda ya saba wucewa ta gaban baitulmali da bankunan Paraku ko Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin, a ƙarshen wata ya san su. Dattawa ne masu shiga tsaf, irin ta wanda ya shekara talatin yana sammakon fita aiki, kowa da jakar takardu a hammata. In aka zazzage jakar, rayuwar mutum ce ɗungurungum: takardar ɗaukar aiki da ta yi jawur don tsufa, takardun ƙarin girma, takardar haihuwa, takardar sallama, sai ɗan littafin fansho. Mafi yawansu suna karɓar abin da ya sawwaƙa, su biya ta kasuwa su yi cefane, su koma gida. Wasu kuwa da ɓacin rai suke komawa. Wani an yi masa lissafi da matsayin da ya wuce tun da daɗewa. Wani shekara biyar na aikinsa sun yi ɓatan dabo. Wata mijin ya rasu, an ce ba a san da zamanta ba.

Shawarar maƙwabta ba ta wuce guda: a kai ƙara. Faɗa da baki ba wuya. Wace kotu? A wane gari? Cikin kwana nawa? Wanda ya kuskure amsar ɗaya daga cikin ukun nan yana iya shekara da shekaru yana zirga-zirga, ranar hukunci alƙali ya ce masa ba shi da hurumin sauraron maganar, ba tare da ya ko buɗe lissafin kuɗin ba.

A Hausa, hurumi fili ne da aka keɓe a gefen gari, kowa ya san iyakarsa. A bakin lauyoyi kuwa, iyakar ikon kotu ce: abin da doka ta ba ta ta taɓa, da abin da ta hana ta. Maganar ta shafi Hausawa kai tsaye. Paraku da Jugu tsofaffin zangon fatake ne a hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, kuma unguwar Zango a Paraku da ta Wangara a Jugu shaida ne har gobe. Jikokin waɗancan fatake, tare da maƙwabtansu Dandawa da Bargawa da Fulani da Yom da Lokpa, su ne suka zama malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, jami'an kwastan da sojoji. Yau da yawansu sun kai shekarun ajiye aiki.

Asusu biyu, alƙali biyu

A bakin mutanen gari, duk wanda ke karɓar albashi daga hukuma “ma'aikacin gwamnati” ne. Doka ba haka take kallonsa ba. A Jamhuriyar Benin asusun fansho biyu ne manya. Na farko shi ne FNRB, asusun ƙasa da ke ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, wanda ke biyan ma'aikatan gwamnati na dindindin da sojoji bisa doka mai lamba 86-014 ta 26 ga Satumba 1986, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya. Na biyu shi ne CNSS, wanda tsofaffi har yanzu ke kira da tsohon sunansa OBSS. Shi ke kula da waɗanda dokar ƙwadago ta shafa, bisa doka mai lamba 98-019 ta 21 ga Maris 2003. A nan ana cire kashi 3.6 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 6.4, kuma cikakken fansho yana buƙatar shekara 60 da haihuwa da zubin wata 180.

Wannan rabo shi ke raba hanyar kotu. Rigima da FNRB rigima ce da gwamnati a matsayinta na hukuma, don haka alƙalin shari'ar mulki ke da ita. Rigima da CNSS kuwa tana farawa da koke a gaban kwamitin sake duba na asusun, in ba a daidaita ba ta tafi sashen kotu mai kula da ƙwadago. Malamin firamare da ma'aikacin masaƙar COTEB ta Paraku suna iya zama gida ɗaya, su yi sallah a sahu ɗaya, amma ranar ƙara ƙofarsu daban. Haka ma'aikacin jirgin ƙasa na OCBN, hukumar da Dahomey, wato Benin ta yanzu, da Nijar suka kafa tare a 1959 don layin dogo mai tsawon kilomita 438 daga Kwatano zuwa Paraku: kafin a yi maganar kuɗinsa, sai an fara tantance dokar da aka ɗauke shi aiki a kanta.

Waɗanda suka fi shiga tsaka mai wuya su ne masu ƙafa biyu. A ƙarshen shekarun 1980, da aljihun gwamnati ya bushe, an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Ƙauyuka da dama a arewa suka riƙa ɗaukar malamai da kuɗin iyayen yara. Wajajen 2008 gwamnati ta mayar da dubban irin waɗannan ma'aikatan kwantiraginta, zubinsu yana tafiya CNSS. Daga baya, da aka sabunta dokar aikin gwamnati da ta fansho, aka shigar da 'yan kwantiragin cikin FNRB. Ga mutum ɗaya, aji ɗaya, allo ɗaya, amma shekarunsa sun kasu uku: waɗanda ba a zuba masa komai ba, waɗanda ke CNSS, da waɗanda ke FNRB. In lissafi ya rikice, kowane kashi da mai amsa shi.

Kotu ta matso, amma sa hannun yana Kwatano

Raba shari'ar hukuma da ta talakawa gadon Faransa ne. Tun dokar Agustan 1790 Faransawa suka hana alƙalan gama-gari tsoma baki a aikin hukuma, suka gina wa gwamnati nata alƙalan. Dahomey ta gaji tunanin, sai dai ba ta gina gida biyu ba. Ɗaki ta ware a cikin Kotun Ƙoli. Shekaru da dama wannan sashe na shari'ar mulki shi kaɗai ne wurin da ake ƙarar gwamnati a faɗin ƙasar. Malamin da ya yi ritaya a Jugu, kimanin kilomita 460 daga bakin teku, sai ya nemi lauya a kudu, ya biya kuɗin mota da na masauki, kafin ma a sa masa rana. A lokacin kotunan matakin farko takwas ne kacal, kotun ɗaukaka ƙara ɗaya ce tal a Kwatano, kuma mutanen Jugu Natitingu suke zuwa shari'a.

Doka mai lamba 2001-37 ta 27 ga Agusta 2002 ta sauya taswirar. Ta tanadi kotunan matakin farko 28, ciki har da ta Jugu, da kotunan ɗaukaka ƙara uku: Kwatano, Abomey da Paraku. Ta Paraku ita ke ɗauke da jihohin arewa huɗu, wato Borgu, Alibori, Atakora da Donga. Dokar ta kuma ba waɗannan kotuna ikon sauraron ƙarar hukuma, ko da yake an ɗauki shekaru masu yawa kafin sassan su fara aiki a zahiri. Kotun Ƙoli da ke Porto-Novo ta koma mai duba kuskuren doka a hukuncin ƙananan kotuna, ta kuma riƙe ƙararrakin da suka shafi matakan majalisar ministoci, waɗanda ita ce farko ita ce ƙarshe a kansu.

Sai dai akwai ƙulli. Dokar ta ɗaura ikon kotun matakin farko ne a kan matakan hukumomin da ke cikin yankinta. Abin da magajin garin Jugu ko wakilin gwamnati na jihar Donga ya sa wa hannu, na kotun Jugu ne. Amma fanshon ma'aikacin gwamnatin tsakiya ba a Jugu ake yanke shi ba; ma'aikatar ma'aikata da ta kuɗi duk suna Kwatano. Ginin kotu ya zo ƙofar gida, alƙalamin da ake ƙara yana can kudu. In kuma ritayar da kanta ake ja da ita, kuma daga majalisar ministoci ko fadar shugaban ƙasa ta fito, kamar ritayar dole da aka yi wa sojoji da 'yan sanda da jami'an kwastan da na gandun daji sama da dubu a farkon 2024, hanyar Porto-Novo ta nufa.

Agogon wata biyu

Kafin a kai ga alƙali akwai matakin da yawancin dattawa ba su san da shi ba. Mai son a soke matakin da hukuma ta ɗauka a kansa dole ya fara rubuta koke ga wanda ya sa hannu ko ga na sama da shi, cikin wata biyu da sanar da shi. In hukuma ta yi shiru har wata biyu, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. Daga nan yana da wani wata biyun ya shigar da ƙara. Ƙarar neman a biya kuɗi tana da nata ƙa'idojin wa'adi daban, amma ita ma sai an fara neman hukumar ta biya ta ƙi.

Nan tarbiyya ke cin karo da doka. Mutumin arewa ya tashi da haƙuri da jin nauyin manya. Ba ya son a ce ya kai gwamnatin da ya yi wa hidima ƙara. Sai ya aika ɗan ƙaninsa da ke Kwatano ya leƙa ofis, a ce masa fayil ɗin, ko dosiye kamar yadda ake cewa a can, yana kan hanya. Ya nemi wani babba ya sa baki. Ya jira bayan azumi, ya jira bayan babbar sallah. A wurinsa shirun hukuma alama ce ta ana dubawa. A wurin doka amsa ce, kuma agogo ya fara tafiya. Ranar da ya gane jiran gawon shanu yake yi, wa'adi ya wuce. Ga wanda ya ba da kokensa da baki, ko ya miƙa takarda bai karɓi shaidar hatimi da kwanan wata ba, a idon alƙali tamkar bai taɓa koke ba.

Ƙofofi biyu masu ruɗi

Akwai ƙofar da kowa ke gani a buɗe. Bayan watannin 1989 da ma'aikata suka yi ba albashi, da yajin aikin da ya tilasta wa shugaban ƙasa Janar Mathieu Kérékou kiran babban taron ƙasa na Fabrairun 1990, Benin ta samu tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990. Shi ya ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa Kotun Tsarin Mulki kai tsaye, ba sai da lauya ba. Sauƙin nan ya sa ma'aikata da 'yan fansho da dama suke nufar ta da kukansu. Amsar da suka fi samu ita ce, duba ko hukuma ta bi dokar aiki ko ta fansho ba aikinta ba ne, na alƙalin shari'ar mulki ne. Tana saurare in maganar ta tauye haƙƙin ɗan Adam ce, kamar nuna bambanci tsakanin mutane masu matsayi ɗaya, ko kotu ta riƙe shari'a fiye da ƙima. Lissafin shekaru da matsayi kuwa, ba huruminta ba ne.

Ƙofa ta biyu ita ce ofishin mai shiga tsakani na ƙasa, wanda Albert Tévoédjrè ya fara riƙewa a zamanin Shugaba Boni Yayi. Wuri ne mai amfani, domin yana iya tado fayil ɗin da ya kwanta, kuma kyauta ne. Amma shi ba alƙali ba ne: shawara yake bayarwa, ba umarni ba, kuma ba ya shiga maganar da ke gaban kotu. Mai hankali yana bin wannan hanya da ido ɗaya a kan kalanda.

Takardar haihuwa, takardar aure

Wata rigimar ba ta fansho ba ce a asali, rigar fansho ta sa. A yanzu shekarun haihuwa ke yanke ranar ritaya: 60 ga manyan ma'aikata, 58 ga na tsakiya, 55 ga ƙanana, malaman jami'a kuma suna da nasu. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a ƙauyukan Borgu da Donga a shekarun 1950 da 1960 ba a rubuta haihuwarsu ba. Sai da za a shiga makaranta ko jarrabawa aka je kotu ta yanke musu shekara da ƙiyasi, takardar ta ce an haife shi “wajajen” shekara kaza. Wani yana da irin wannan takarda biyu masu saɓani. Gyaran takardar haihuwa aikin alƙalin farar hula ne. Ranar ritaya kuwa ta alƙalin shari'ar mulki ce. Sai an gama da na farko kafin na biyu ya iya motsi.

Ta zawarawa ta fi ciwo. A Disamban 2002 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa halatta wa namiji mace fiye da ɗaya ya saɓa wa daidaiton jinsi, don haka dokar iyali ta 24 ga Agusta 2004 ta fito da auren mace ɗaya, ta kuma ce auren da jami'in rajista ya ɗaura shi ne mai tasiri a doka. Auren mata da yawa da aka yi bisa ƙa'ida kafin dokar bai rushe ba. Amma a Jugu da Paraku, inda Musulmi suka fi yawa, aure a masallaci ko a zaure ake ɗaura shi, da waliyyi da sadaki da shaidu da goro, kuma ba kowa ke ƙarasawa ofishin magajin gari ba. Mace ta shekara talatin a ɗakin miji, ta haifi 'ya'ya, ta yi masa jinya, ta yi takaba. Asusun fansho ya ce ta kawo takarda. In mata biyu ne, ɗaya da takarda ɗaya babu, rigimar ta koma cikin gida. Limami zai raba gado yadda shari'a ta ce, amma fanshon mamaci ba ya cikin abin da yake rabawa. Dokar fansho ce ke faɗin mai karɓa, tabbatar da aure ko nasabar yaro kuma yana gaban alƙalin farar hula.

Darasin tsofaffin sojojin Faransa

Arewacin Dahomey ya ba Faransa sojoji a yaƙe-yaƙenta, kuma gidaje da dama a Borgu da Donga suna da kakan da ya sa kaki. Labarinsu shi ne babban misalin yadda gaskiya ke isowa bayan mai ita ya tafi. Dokar kasafin Faransa ta Disamban 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu 'yanci, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Mai ƙorafi ba shi da kotun zuwa a ƙasarsa, domin gwamnatin Faransa yake ƙara. Sai kotunan mulki na Faransa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya bi wannan doguwar hanya. A ranar 30 ga Nuwamba 2001 kotun ƙolin shari'ar mulki ta Faransa ta ce bambancin wariya ne. Diop ya riga ya rasu tun 1996. Sai bayan wani hukuncin na Majalisar Tsarin Mulkin Faransa a Mayun 2010 aka daidaita fanshon daga Janairun 2011, shekara hamsin da ɗoriya bayan daskarewar.

Yadda wasu suka warware, da yadda suka ƙara cakuɗawa

Mai karatu a Kano ko Sakkwato ya san irin wannan ciwo. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 173 da na 210, ya kare fanshon ma'aikata, har ya ce a riƙa sake duba shi duk shekara biyar. Amma an daɗe ana jan zare tsakanin manyan kotunan jihohi, babbar kotun tarayya da kotun ma'aikata. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce kotun ma'aikata ba ta cikin manyan kotunan da tsarin mulki ya lissafa. Aka gyara tsarin mulkin, gyaran ya fara aiki a Maris 2011, sashe na 254C ya miƙa duk rigimar albashi da fansho da garatuti ga kotun ma'aikata ita kaɗai, ko na gwamnati ne ko na kamfani. A 2017 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa ana iya ɗaukaka hukuncinta. Dokar kotun ta 2006 kuma tana da tanadi mai kyau: in an kawo ƙara inda bai dace ba, a tura ta inda ya dace maimakon a kore ta.

Pakistan ta bi wata hanyar. Sashe na 212 na tsarin mulkinta na 1973 ya kafa kotuna na musamman don ma'aikatan gwamnati, ya hana sauran kotuna taɓa abin da ke huruminsu. A 1997 aka jawo ma'aikatan kamfanonin gwamnati cikin tsarin. A 2006 Kotun Ƙoli ta ce yawancinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne a ma'anar tsarin mulki, sai ƙararraki masu ɗimbin yawa suka faɗi, masu su suka koma neman sabuwar ƙofa. Indiya ta kafa irin waɗannan kotuna a 1985, sannan a 1997 Kotun Ƙolinta ta ce manyan kotuna na da ikon duba hukuncinsu, wato an ƙara mataki a tsanin da aka yi don a gajarta. Amma daga Indiya ɗin ne aka samu hukuncin 1982 da ya kafa ƙa'idar da ta dace da ko'ina: fansho ba sadaka ba ce, ba alfarmar mai mulki ba ce, haƙƙin aikin da aka riga aka yi ne.

Abin da zai rage wahala

Gwamnatin Patrice Talon, da ta hau mulki a Afrilun 2016, ta mayar da yawancin bayanan ma'aikata cikin kwamfuta, ta rage jiran littafin fansho, ta kuma yi rajistar jama'a da ta ba kowa lambar shaida. Wannan ya toshe wasu ramukan ga masu fita yanzu. Amma kwamfuta abin da aka zuba mata take maimaitawa. Kuskuren da ya shiga fayil shekara talatin da suka wuce yana nan, kuma gyaransa sai an bi ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan.

Gyara uku ba sa buƙatar sabon gini. Na farko, duk takardar da hukuma ta ba ɗan fansho ta faɗa masa ƙarara inda zai kai ƙara da wa'adin da yake da shi. A Faransa, in ba a rubuta wannan ba, ba a kafa wa mutum hujja da wa'adin wata biyun. Na biyu, alƙalin da ya ga ba huruminsa ba ne ya aika fayil ɗin da kansa ga mai hurumin, ranar shigar da ƙara ta farko ta ci gaba da zama ita ce ranar lissafi. Na uku, a bar ɗan fansho ya yi ƙara a inda yake zaune. Gwamnati tana da lauyoyi da motoci. Ita ya kamata ta hau hanyar Paraku, ba dattijo mai ciwon gwiwa ya hau ta Kwatano ba. Gidajen rediyon yankin, masu magana da Dandanci da Barganci da Fulatanci da Hausa, suna iya isar da bayanin wa'adin nan cikin minti biyar.

Sauran aikin na ma'aikaci ne da kansa, tun yana da ƙarfi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya san asusun da ake zuba masa, ya tabbata kowace shekara ta shiga. Ya daidaita takardar haihuwarsa tun saura shekaru. Ya kai matarsa ofishin magajin gari, ya rubuta 'ya'yansa. Duk koken da zai kai, ya rubuta shi, ya riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. A cikin jakar nan ta hammata, wannan 'yar takarda mai hatimi ita ce alƙali zai fara nema, tun kafin ya tambayi shekara nawa aka yi ana riƙe alli a gaban allo.